Allon batir mai "koya wa jarirai magana": abin da na gani a gidana

Allon nan na roba mai batir da ya cika shagunan kayan yara, wanda ake danna hoto ya faɗi sunan abin, a kansa nake son yin bayani, domin iyaye mata a makarantar da nake koyarwa sun sha tambayata ko ya ci kuɗinsa. Na saya wa autata tun tana rarrafe tana gwaranci, yanzu ga shi ta fara takawa, don haka na ga iya abin da zai iya. Ga yaron da ya riga ya buɗe baki, abin wasa ne mai ɗan amfani. Amma alkawarin da aka buga a jikin kwalinsa, wai yana sa jariri saurin magana, ban ga alamarsa ba, kuma ina ganin na gane dalili.

Mai shagon ma abin da ke jikin kwalin ya maimaita mini. Ya ce, "Malama, wannan ai malami ne kika kai gida. Kafin ta shekara sai kin gaji da surutunta." Ban ga laifinsa ba, abin da aka rubuta ya faɗa.

Ƙirar China ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. An jera hotuna a fuskarsa: dabbobi, 'ya'yan itatuwa, lambobi, haruffa. Yana magana da Turanci da Larabci, babu Hausa ko kalma ɗaya. A gefe akwai maɓallai huɗu: na faɗin suna, na tambaya, na waƙa, da na maimaita muryar yaro. Robar tana da kauri, ya sha faɗuwa a kan siminti bai fashe ba, yawu kuma bai taɓa shiga cikinsa ba, wannan kam na yaba. Sai dai ƙararsa ta yi yawa ko a matakin ƙasa, ga shi jariri kanga shi yake yi a kunne, dole na manna salatif a kan lasifikar. Yana shan batir sosai, kuma da batir ya fara sanyi sai muryar ta riƙa jan jiki, kalmomin su fito a murɗe. Abin da ya fi damuna shi ne murfin batir ɗin ba a ɗaure shi da noti ba, farce kawai ake sa wa ya buɗe. A abin da aka yi domin mai kai komai baki, wannan babban sakaci ne.

Maɓallin tambaya shi ne inda masu ƙirar suka zuba basirarsu. Muryar mace za ta ce a nuna mata kyanwa. Idan yaro ya danna hoton kyanwa sai fitilu su kama walƙiya, a yi tafi, a yi masa kirari da Turanci. Idan ya kuskure sai a ji wata 'yar ƙara mara daɗi, a sake tambaya. Duk wanda ya yi karatun koyon malanta na NCE ya zauna a darasin ilimin halayyar ɗalibai zai gane daga ina aka ɗauko wannan. B. F. Skinner, masanin nan na Jami'ar Harvard a Amurka, yakan sa ɓera a cikin akwati mai ɗan madanni, in ya danna sai abinci ya faɗo. Ba a jimawa ɓeran zai koma dannawa ba ƙaƙƙautawa. Ƙa'idar ita ce duk halin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa nan take, to halin zai ƙaru. A 1957 Skinner ya fitar da littafi guda yana cewa magana ma a kan wannan turba ake koyonta: jariri ya yi wani sauti, uwa ta yi murmushi ko ta miƙa masa abin da yake so, sai sautin ya zauna, a yi ta gyara shi kaɗan-kaɗan har ya zama kalma.

Ƙa'idar ta yi aiki a kan 'yata, kuma da sauri. Ta gane cewa danna allon yana kawo fitila da tafi. Amma ku lura da abin da aka saka mata a kai. Na zauna na kalle ta da kyau: tana zaune ta ware ƙafafu, allon a tsakiya, ta tattara tafin hannu tana buga fuskarsa ko'ina, leɓunanta a rufe gam, idonta a kan fitila. Ba ta jiran tambayar ta ƙare, ba ta duban hoton. A cikin bugun nan na kan mai uwa da wabi wani lokaci hannunta zai faɗa kan kyanwa, sai tafi ya tashi, ta yi dariya ta ƙara himma. Skinner da kansa ya nuna cewa halin da ake sakawa jefi-jefi, ba kullum ba, ya fi wuyar bari, shi ya sa take iya daɗewa tana bugu. Yatsa ne ke karɓar lada a wannan wasa. Bakinta ko ta buɗe ko ta rufe, allon bai sani ba, bai kuma damu ba.

Akwai kuma wani nau'in koyo ta hanyar sabawa, na Ivan Pavlov ɗan Rasha, wanda ya ga karnukansa suna zubar da yawu da jin ƙarar da suka saba ji kafin abinci. Wannan ma na gan shi: da an kunna allon ya yi 'yar waƙarsa ta buɗewa, ko tana tsakar gida sai ta juyo tana wutsil-wutsil da ƙafa. Ta irin wannan haɗi ne kalma ke fara samun ma'ana a kan jariri. Yana jin "nono" a daidai lokacin da ake ba shi, yana jin "wanka" a lokacin da ruwan ɗumi ke taɓa jikinsa, sai sautin ya manne da abin. To a jikin allon kalmar tuffa da me ta manne? Da wani ɗan murabba'in roba mai santsi, irin santsin na kusa da shi mai hoton giwa. Babu ƙamshi, babu nauyi, babu ɗanɗano. Rabin abubuwan da ke jikinsa ma ba ta taɓa ganinsu a gidanmu ba.

Maɓallin maimaita murya shi kaɗai ne ya kusa da abin da ake nema, kuma shi na fi sa wa rai. Idan ta ce "ba", allon zai ɗauka ya mayar mata da "ba" cikin siririyar murya. Kwanakin farko ta yi ta murna, gwarancinta ya ƙaru a gabansa, wannan ba zan ɓoye ba. Kuma ba abin mamaki ba ne. Tun a 1959 Harriet Rheingold da abokan aikinta suka gwada jarirai 'yan wata uku: duk sanda jariri ya yi sauti sai babba ya yi masa murmushi, ya yi masa ɗan sauti da baki, ya taɓa cikinsa. Sautin jariran ya ƙaru, da aka daina amsa musu kuma ya ragu. Jariri yana son ya ga cewa muryarsa tana motsa wani abu a duniya.

Matsalar ita ce allon komai ya ji mayarwa yake yi. Ta yi tari ya mayar, ta yi kuka ya mayar, zakaran maƙwabta ya yi cara ya mayar. Ba ya bambance "ba" da atishawa, ba ya ƙara mata komai a kan abin da ta kawo. Ba a daɗe ba ta gane babu kowa a ciki, ta koma bugun fitila.

Abin da ya sa na fahimci giɓin sosai shi ne zaman da surukata, kakarsu, ta zo ta yi mana. Wata rana bayan la'asar Hajiya na kan tabarma tana tsintar wake, yarinyar ta rarrafo ta dafa gwiwarta, ta miƙa hannu wajen kofin silba da ke gefe ta ce, "Waa." Hajiya ko sakan ɗaya ba ta ɓata ba, ta ajiye faifan ta dube ta ido cikin ido: "Ruwa? Ruwa kike so, kishiyata? To ga ruwa. Sha a hankali kada ki ƙware." Ta tallafe mata ƙeya ta kafa mata kofin. A cikin wannan ɗan lokaci dubi abin da yarinyar ta samu. An amsa mata nan take. Ladan da ta samu shi ne ainihin abin da ta roƙa, ruwa mai sanyi a maƙogwaro, ba tafi ba. Ta ji kalmar daidai har sau uku, a cikin jimla, daga bakin da take kallon motsinsa. Bayan 'yan makonni sai na ga Hajiya ta fara ja mata rai. Ta ce "waa", Hajiya ta riƙe kofin a sama tana dariya: "Me kika ce? Ni fa kunnena ya tsufa, sake faɗa." Yarinyar ta yunƙura, ta murɗa baki, ta ce "yuwa". Hajiya ta rangaɗa guɗa a hankali ta ba ta. Ranar da ta nuna akuya ta ce "yuwa" kuwa, ba ta samu ruwa ba, sai aka ce mata, "A'a, wannan akuya ce. Akuya. Ki ce mata meee." Hajiya ba ta taɓa jin sunan Skinner ba, amma matakan da ya bayyana na gyara hali kaɗan-kaɗan duk ta bi su, har da wanda allon ba zai taɓa iyawa ba, wato sanin abin da yarinyar take nufi.

Masana sun auna wannan. A 2003 Michael Goldstein da Andrew King da Meredith West suka yi gwaji da jarirai 'yan wata takwas da iyayensu mata a Amurka. Kashi ɗaya na iyayen an ce da zarar jariri ya yi gwaranci su matso, su yi murmushi, su taɓa shi. Ɗaya kashin ma sun yi murmushin da taɓawar daidai yawan na farko, amma a lokacin da aka umarce su, ba tare da la'akari da ko jaririn ya yi sauti ba. Jariran kashi na farko ne gwarancinsu ya ƙaru kuma ya ƙara nuna, ya fi kama da gaɓoɓin magana. Ke nan ba yawan fara'a ba ne kawai, dacewarta da lokacin da yaro ya buɗe baki ita ce magana. Bayan shekara biyar Goldstein da Jennifer Schwade suka ƙara nuna cewa irin sautin da uwa ta amsa da shi yana shiga cikin gwarancin jaririn: waɗanda aka riƙa amsa musu da cikakkun gaɓoɓi sun ƙara yin cikakkun gaɓoɓi.

A nan ne nake ganin dalilin da ya sa irin wannan allo yake samun kasuwa a wurinmu yanzu. A gidajenmu na da, ko uwa tana kunyar ɗan fari ba ta yi masa wasa a gaban surukai, yaro ba ya rasa mai amsa masa. Ga kaka da wasan jika, ga gwaggo, ga yayye, ga 'yar raino da ke yawo da shi a baya tana yi masa tawai. Duk inda ya jefa gwaranci sai wani ya cafe. Yau da yawanmu muna gidan haya mu kaɗai, maigida ya fita tun safe, uwa ta dawo daga aiki a gajiye ga girki na jira. Idan aka ce mata ga na'urar da za ta riƙe mata wannan aiki, dole ranta ya biya. Ina tausayin wannan uwar domin ni ma ita ce, shi ya sa rubutun jikin kwalin yake ɓata mini rai.

Wani abin da ban zata ba shi ne yadda allon ke kashe hirar ɗaki. Da an kunna shi kowa sai ya yi shiru yana jiran muryar ta gama, in ma an yi magana ba ta wuce "danna nan", "a'a, ba nan ba". Ashe an riga an ƙirga wannan. Anna Sosa ta Jami'ar Arewacin Arizona ta naɗi muryoyin iyaye 26 da 'ya'yansu 'yan wata 10 zuwa 16 suna wasa a gidajensu, aka buga sakamakon a 2016. Da kayan wasa masu batir, iyaye suna furta kalmomi kusan 40 a minti ɗaya. Da kayan wasa na katako da roba marasa murya, kusan 56. Da littattafan hotuna, kusan 67. Musayar magana tsakanin uwa da ɗa ma ta fi ƙaranci a wurin masu batir. Wato ba a tsaya ga cewa allon bai koyar ba, yana ma cinye lokacin wanda zai koyar.

Wata za ta ce to ko ba komai yarinya tana jin Turanci da Larabci tun tana ƙarama, kunnenta zai saba. Gaskiya ne cewa kunnen jariri yana tsayawa a kan sautukan harshen gidansu tsakanin wata shida da shekara ɗaya; Janet Werker da Richard Tees sun nuna haka a Kanada tun 1984. A wannan tsakanin ne ɗan Bahaushe yake kama bambancin da ke tsakanin "k" da "ƙ", "d" da "ɗ", da hawa da saukar murya, abubuwan da babu ko ɗaya a cikin allon. Amma ko baƙon harshen ma ba ta lasifika yake shiga ba. Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun ɗauki jarirai 'yan wata tara daga gidajen da Turanci kawai ake yi, suka haɗa su da masu jin Sinancin Mandarin, zama 12 na kusan minti 25 kowanne, ana yi musu wasa ana karanta musu littafi. Jariran sun iya bambance wasu sautukan Sinanci. Wasu jariran aka nuna musu mutanen nan a bidiyo, wasu aka kunna musu murya kawai, duka ba su koyi komai ba. Abin sha'awa, da dabarar lada aka auna su: an sabar wa jariri cewa in sauti ya canja ya waiwaya, in ya waiwaya daidai sai akwati ya haskaka 'yar tsana ta motsa. Fitila da 'yar tsana sun isa su sa jariri ya juya kai, su tona abin da kunnensa ya riga ya kama. Kama sautin kuwa a gaban mutum mai rai ya faru. An buga wannan a 2003.

Kada kuma a ɗauka ina cewa lada shi ne komai, ko daga bakin kaka ya fito. A 1959 Noam Chomsky ya yi wa littafin Skinner kaca-kaca, hujjarsa mafi ƙarfi ita ce yara suna faɗin abin da ba su taɓa ji ba, balle a saka musu a kai. Yayan yarinyar nan yana ɗan shekara uku ya ga garken Fulani suna wucewa ya ce, "Umma, ga saniyoyi!" Babu wanda ya taɓa faɗin haka a gabansa. Ya ji mota da motoci, taga da tagogi, ya ciro ƙa'ida da kansa ya ɗora wa saniya. Roger Brown da Camille Hanlon kuma sun bi hirar iyaye da 'ya'yansu suka ruwaito a 1970 cewa iyaye gaskiyar zance suke yabawa ko su ƙi, ba daidaiton nahawu ba. Mu ma haka muke. Yaro ya ce "Baba ta tafi kasuwa", uwa ta ce "E, ya tafi", ta wuce. Amma ya ce "Yau Juma'a ce" ranar Asabar, jimla lafiya lau, sai a ce masa a'a. Da yabo ne ke gina nahawu da yaranmu ba su taɓa rabe "ya" da "ta" ba. Har ila yau a 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta a Jami'ar Rochester sun kunna wa jarirai 'yan wata takwas jerin gaɓoɓin ƙirƙira na minti biyu kacal, babu yabo babu tukwici, jariran suka fara gane waɗanne gaɓoɓi ne ke tafiya tare. Allah ya halicci ƙwaƙwalwar jariri da ƙishirwar tsari.

Fahimtata, a matsayin uwa kuma malamar aji, ita ce amsar da babba ke bayarwa tana riƙe yaro a cikin hira, tana sa shi ya sake gwadawa, tana nuna masa cewa wannan sautin da wancan abin tare suke. Ginin jimla kuwa shi yake haƙo shi daga maganar da ake yi da shi. Allon ya gaza a duka biyun: ladansa bai san bakin yaro ba, maganarsa kuma kalmomi ne ɗai-ɗai da ba su taɓa haɗuwa sun zama zance ba.

Wanda ya ci moriyarsa a gidan shi ne yayan, da yake ya shiga nazare kuma yana zuwa Islamiyya. Shi yana jin tambayar, yana neman hoton da gangan, kuma tafin yana faɗa masa wani abu na gaske, cewa ya gane. Ya ƙara ƙwarewa a lambobi da alif-ba, duk da cewa furucin wasu haruffan Larabcin ba ya fita sosai a ƙaramar lasifikar, sai malaminsu ya gyara masa. Ga ɗan shekara uku zuwa biyar, in akwai rarar kuɗi, ba zan hana ba. Ga jariri kuwa, kuɗin ya fi amfani a littafin hotuna mai kaurin takarda, ko kofuna da murafan roba na kicin da za a zauna a yi wasa da su tare.

Sai roƙo ɗaya ga masu sayensa domin sun ga yaro ya yi jinkirin magana, don na san su ne suka fi yawa. Yawancin jarirai masu ji suna fara jera gaɓoɓi irin "bababa" da "dadada" kafin su cika wata goma. Idan yaro ya shekara ba ya yin haka, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, musamman in ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani yana jinjiri, ko kunnensa yana zubar da ruwa, a kai shi asibiti sashen kunne da hanci da maƙogwaro a auna jinsa. Yaron da ba ya ji sosai zai iya buga allon nan yana dariya saboda fitila, iyaye su ɗauka ci gaba ake samu, watanni masu tsada suna wucewa.

Wadda kuma ta yanke shawarar saya wa babban yaro, ta sa mai shago ya zuba batir a gabanta. Ta saurari matakin ƙara na ƙasa ta ji ko kunne zai ɗauka, ta danna haruffan ɗaya bayan ɗaya don wasu allunan suna zuwa da matattun maɓallai, ta juya bayansa ta tabbata murfin batir na noti ne. In mai ƙananan batir ne masu kama da kwabo, ta ajiye shi ta nemi wani, domin in yaro ya haɗiye irinsu suna iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu.